Marner ya tafi Vegas: wa zai cike gurbinsa a Toronto?

Baban Hanif (Mississauga):
Assalamu alaikum jama'a. Na san ƙwallon ƙafa ce ta haɗa yawancinmu a zauren nan, amma ku ara min wuri yau in yi maganar hokin ƙanƙara, domin abin ya tsaya min a rai kusan sati uku ke nan. Tun ranar da aka tabbatar Mitch Marner ya bar ƙungiyarmu ta Toronto Maple Leafs ya koma Vegas nake zuba ido in ga abin da babban manajanmu Brad Treliving zai yi da kuɗin da suka rage a hannunsa. Ga Yulin 2025 ya wuce rabi, har yanzu ban ga abin da ya kwantar min da hankali ba.

Ga abin da aka yi zuwa yau, saboda wanda bai bi labarin ba. Marner ya sa hannu a kwantiragin shekara 8 kan dala miliyan 96, wato miliyan 12 duk shekara, nan take aka miƙa shi ga Vegas, su kuma suka ba mu Nicolas Roy. John Tavares ya zauna, shekara 4 a kan kusan miliyan 4.4, shi da yake karɓar miliyan 11 a da. Matthew Knies ya sa hannu shekara 6 a kan miliyan 7.75. An ɗauko Matias Maccelli daga Utah, an kai Ryan Reaves San Jose aka karɓo Henry Thrun, sai shekaranjiya da aka kawo Dakota Joshua daga Vancouver.

Marner ya tara maki 102 a kakar da ta wuce, ƙwallo 27 ya ci da kansa, 75 kuma shi ya miƙa aka ci. Ka haɗa makin Roy da na Maccelli da na Joshua gaba ɗaya, ba su kai nasa shi kaɗai ba, ko kusa. To ina za mu samo ragowar? Ni dai abin da nake gani, Treliving ya buga wa Calgary waya ya dawo mana da Nazem Kadri. Ɗan tsakiya ne, ya ci 35 a kakar da ta wuce, ya san garin nan, ya san nauyin rigar, kuma ya ɗauki kofin Stanley, babban kofin gasar NHL. Me kuka gani?

Abdul Akanta (Brampton):
Wa alaikumus salam Yaya. Kafin mu shiga maganar Kadri, akwai gyara ɗaya a lissafinka. Ba Roy ne aka musanya da Marner ba a zahiri. Kwantiragin Marner zai ƙare ranar 1 ga Yuli, da zai kama gabansa ba mu samu ko sisi ba. Abin da ya sa Vegas suka ba mu wani abu shi ne ƙa'idar da ta ce ƙungiyar da ɗan wasa yake ciki ce kaɗai za ta iya ba shi shekara 8, ta waje 7 kawai za ta iya. Shekara ta takwas ɗin suka saya da Roy. Don haka abin da ya dace ka auna shi ne Roy da babu, kuma Roy ya fi babu nesa ba kusa ba. Ɗan tsakiya ne mai jiki, yana buga sanda ta hannun dama, albashinsa miliyan 3 ne na sauran shekara biyu, kuma yana cikin waɗanda suka ci kofi da Vegas a 2023.

Baban Hanif:
Na yarda da gyaran, ƙanena. Amma a kan ƙanƙara ba lissafin ciniki ake bugawa ba. Ranar wasan farko wani ne zai tsaya a gefen daman kyaftin ɗinmu Auston Matthews, ni kuma ina tambayar wane ne shi.

Auwal Fagge (Kano):
Ku yi haƙuri da mu na gida. Ni ban taɓa ganin wasan nan ba sai guntayen bidiyo da Baban Hanif yake turowa. Tambayata ita ce, in dai ƙungiyar tana da kuɗi kamar yadda kuke faɗa, me ya hana ta ƙara masa albashi ya zauna? Ko kuma ta sayo wani babban ɗan wasa kamar yadda Madrid take yi?

Abdul Akanta:
Malam Auwal, tsarin ya sha bamban da na Turai. A gasar NHL ba a sayen ɗan wasa da kuɗi daga wata ƙungiya. Musanya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa, ko kuma ka ba da damarka ta zaɓen matashi a zaɓen da ake yi duk watan Yuni. Sannan akwai iyakar albashi: kowace ƙungiya cikin 32 tana da adadin da ba za ta wuce ba a albashin 'yan wasanta gaba ɗaya. Kakar da ta wuce miliyan 88 ne, mai zuwa miliyan 95.5, ta bayanta 104, sannan 113.5. Toronto tana cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa arziki a gasar, amma arzikin ba ya ba ta damar wuce wannan layin ko da dala ɗaya.

Matsalar da muka daɗe a ciki ita ce mutum huɗu, Matthews da Marner da Tavares da William Nylander, sun cinye sama da rabin kuɗin. A kakar da ta wuce Matthews yana ɗaukar 13.25, Nylander 11.5, Tavares 11, Marner kusan 10.9. Haɗa ka gani, sama da miliyan 46 cikin 88. Sauran mutum kusan ashirin su raba abin da ya rage.

Auwal Fagge:
To yanzu na fahimta. Ashe shi ya sa kuke ta ambaton albashi kamar masu lissafin kanti. Na gode.

Malam Nuhu (Scarborough):
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ni na zo ƙasar nan karatu a 1992, don haka idona ya ga shekarar 1993, lokacin da Doug Gilmour ya ja ƙungiyar nan har wasan kusa da na ƙarshe. A kowane zagaye na neman kofi ana iya bugawa har wasa bakwai, wanda ya fara cin huɗu ya wuce. A wasa na shida sandar Wayne Gretzky na Los Angeles ta fasa wa Gilmour haɓa, alƙalin wasa bai busa ba, Gretzky ɗin ya ci ƙwallon nasara, ya zo Toronto a wasa na bakwai ya zura uku. Tun daga nan nake bin su, kuma ban taɓa ganin su a wasan ƙarshe ba, domin rabonsu da kofi tun 1967.

Abin da zan ce muku, tafiyar yaron nan ta zama dole. Shekara tara ana gwada abu ɗaya. Tun zuwan Matthews a 2016, zagaye biyu kacal aka tsallake, Tampa a 2023 da Ottawa bana. Boston ta kore mu a wasa na bakwai a 2018, ta sake a 2019, ta sake a 2024. Montreal ta kore mu a 2021 bayan muna gaba da uku da ɗaya. Tampa a 2022. Sai bana, 18 ga Mayu, Florida ta zo har gidanmu ta ci mu shida da ɗaya, kamar yadda ta yi mana a wasa na biyar. Ina zaune gaban talabijin na ga mutane suna jefa rigunansu cikin fili. Duk waɗannan wasannin na bakwai Marner bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Maki 102 na watan Disamba da Janairu ba su amfane mu da komai a watan Mayu ba.

Maman Iklima (Etobicoke):
Baba Nuhu, da girmanka, amma ban yarda a ɗora wa mutum ɗaya wannan kayan ba. A waɗannan wasannin na bakwai ƙwallo nawa Matthews ya ci? Me ya sa shi ba a ambatonsa? A wasanni 13 na neman kofi bana Marner ya yi maki 13. A wasa na shida a Florida, wanda muka ci biyu da nema, shi ya ba Matthews ƙwallon farko. A watan Fabrairu, a wasan ƙarshe na gasar ƙasashe huɗu a Boston, wa ya miƙa wa Connor McDavid, tauraron Edmonton, ƙwallon da Kanada ta doke Amurka da ita? Shi ne. Idan aka ce ba ya iya babban wasa, a tuna da wannan daren.

Kuma akwai aikin da maki ba ya nunawa. Idan aka kori ɗayanmu waje na minti biyu muka rage mutum huɗu a fili, Marner ake fara turawa ya tare. A 2023 yana cikin mutum uku da aka ware don kyautar ɗan gaban da ya fi kowa iya tsaro. Wa zai yi mana wannan aikin yanzu?

Abin da ya fi min ciwo shi ne ihun da aka yi masa a wasansa na ƙarshe. Yaron garin nan ne, a Markham aka haife shi, ya taso yana goyon bayan ƙungiyar nan, ya ba ta maki 741 a wasa 657. Iklima ta kalle ni ta ce, Mama me ya yi musu? Na rasa amsar da zan ba ta.

Malam Nuhu:
'Yata, ban ce laifinsa ne shi kaɗai ba, kuma ihun nan ni ma bai min daɗi ba. Amma Matthews da Nylander suna da kwantiragi, shi ne nasa ya ƙare. Kuma a watan Maris an ba da labari ko'ina cewa Carolina ta nemi a yi musanyarsa da Mikko Rantanen, shi kuma yana da sharaɗin da ya hana a kai shi ko'ina sai da yardarsa, bai yarda ba. Haƙƙinsa ne, matarsa tana dab da haihuwa a lokacin, ba wanda zai ga laifinsa. Amma da an yi wannan cinikin, da yau ba ma wannan muhawarar. Rantanen ya tafi Dallas, ya karɓi miliyan 12 na shekara 8, daidai abin da Marner ya samu.

Abdul Akanta:
Kuskuren ya girmi watan Maris, Baba. Sharaɗin hana musanyar ya fara aiki ne a Yulin 2023. Kafin ranar ƙungiya tana da damar kai shi duk inda ta ga dama ta karɓi kaya mai tsoka. A daidai wannan lokacin aka raba gari da babban manaja Kyle Dubas, Treliving ya shigo ofis saura wata ɗaya ƙofar ta rufe, aka zaɓi a sake gwadawa da mutanen nan huɗu. Ina ganin wannan yana cikin abin da ya sa ba a sabunta wa Brendan Shanahan ba bana, bayan shekara 11 yana shugabancin ƙungiyar.

Baban Hanif:
To mu dawo kan Kadri, domin wanda ya tafi ya tafi. Dalilina uku ne, ko in ce biyu da rabi. Treliving da kansa ya ce akwai abin da yake cikin jinin ƙungiyar nan da sai an sauya shi. Wa ya fi Kadri irin wannan jinin? Ku tuna 2022 a Colorado: an karya masa babban yatsa a zagaye na uku, aka yi masa aiki, ya dawo a wasa na huɗu na zagayen ƙarshe ya ci ƙwallon nasara a ƙarin lokaci a gidan Tampa. Irin mutumin da muka rasa a watan Mayu ke nan. Na biyu, Tavares zai cika 35 a Satumba. Ya ci 38 a kakar da ta wuce, Allah ya ƙara masa lafiya, amma ƙafarsa ba kamar da ba ce, kuma Florida ta nuna hakan. Idan Kadri ya zo, Tavares zai iya komawa gefe ko sahu na uku na 'yan gaba. Kuma Treliving ɗin nan shi ne ya ba Kadri kwantiragin Calgary a 2022, sun san juna.

Rabin kuwa na zuciya ne, ba zan ɓoye ba. Shi ne Musulmi na farko da aka rubuta sunansa a jikin kofin Stanley, kuma da aka ba shi ranarsa da kofin, masallacin garinsu na London a nan Ontario ya kai shi. Na nuna wa Hanif hoton nan ya fi sau goma. Yaro yana zuwa atisaye ya ga shi kaɗai ne mai irin sunansa a ɗakin sauya kaya, ganin irin wannan yana ƙarfafa masa gwiwa.

Abdul Akanta:
Yaya, ina jin abin da kake ji game da hoton nan, ni ma yana wayata. Amma bari mu yi lissafi. Kadri zai cika 35 a Oktoba, sa'an Tavares ne. Albashinsa miliyan 7 ne, kuma saura shekara 4. Wato za mu biya shi har ya kai 38. Ka ce ƙafar Tavares ta yi nauyi, sai ka kawo mana wani mai shekaru iri ɗaya a kan kuɗin da ya fi nasa?

Sannan da me za mu biya Calgary? Zaɓenmu na zagayen farko na bana ya tafi Chicago tun cinikin Jake McCabe. Na 2026 mun ba Boston tare da Fraser Minten don mu samu Brandon Carlo. Na 2027 mun ba Philadelphia saboda Scott Laughton. Rumbun ya yi ƙasa. Abin da ya rage mana mai daraja shi ne Easton Cowan, kuma duk wanda ka kira sunan yaron nan zai fara ambata. Calgary ba ta cikin matsi. Sun yi maki 96, daidai da St. Louis, ƙa'idar raba gardama ce kawai ta hana su shiga wasannin kofi, kuma Kadri ne ya fi kowa maki a cikinsu. Me zai sa su sake shi da arha?

Malam Nuhu:
Tsohuwar zuma da ita ake magani, Abdul. Brad Marchand shekararsa 37, ku duba abin da ya yi mana bana. Muna gaba da wasa biyu, a wasa na uku muna gaba uku da ɗaya, shi ya ci ƙwallon ƙarin lokaci da ta juya komai. Boston ta sake shi a watan Maris, ya tafi ya ɗauki kofi. Amma ina da tsoro ɗaya game da Kadri, domin na ga abin da ya faru. A 2018 an dakatar da shi wasa uku a karawarmu da Boston. A 2019 aka sake dakatar da shi har ƙarshen zagayen, Boston ɗin dai. Abin da ya sa aka kai shi Colorado ke nan ranar 1 ga Yulin 2019, aka karɓo Tyson Barrie da Alex Kerfoot, cinikin da har yau nake jin zafinsa. Ya girma yanzu, na sani. In za a same shi ba tare da Cowan ba, ina goyon baya. In sai da Cowan, a bar shi.

Maman Iklima:
A nan na bi bayanka, Baba. Kada a taɓa Cowan. Yaron nan ya ja London Knights sun ɗauki kofin Memorial na matasa a farkon Yuni, shi aka ba gwarzon gasar. Ƙungiyar da Marner ya fito daga cikinta ke nan, shi ma ya ɗauki kofin da kyautar a 2016. Ban ce zai zama Marner ba, amma albashinsa bai kai miliyan ɗaya ba, kuma irin waɗannan ƙungiya take buƙata idan manyanta sun cinye kuɗi.

Sadiq (Edmonton):
Salamu alaikum mutanen Toronto. Na ga har yanzu ba wanda ya ambaci abin da 'yan garinku suke ta yaɗawa, cewa Treliving yana ajiye kuɗi ne saboda McDavid a bazarar 2026. Gara in faɗa da kaina tun kafin wani ya kawo. Eh, kwantiraginsa na miliyan 12.5 zai ƙare baɗi, eh bai sa hannu ba tun da damar ta buɗe ranar 1 ga Yuli, eh a Newmarket ya girma, arewa da ku kaɗan. Amma mutumin nan ya je wasan ƙarshe sau biyu a jere da mu. Draisaitl ya sa hannu shekara 8 a kan miliyan 14, Evan Bouchard ya sa hannu shekara 4 a kan 10.5. Abin da yake nema shi ne kofi, kuma ya fi kusa da shi a nan. Ina roƙonku ku cire rai.

Baban Hanif:
Sadiq, ni ban sa rai ba ko kaɗan. Cinikin biri a sama ne. Kuma shi ne abin da yake ba ni tsoro, a ce za a ɓata kaka guda ana jiran wanda ba zai zo ba. Kwantiragin Matthews shekara 4 ne, ɗaya ta riga ta tafi, saura uku. Chris Tanev ya kusa 36, jikinsa kullum yana gaban ƙwallo yana tarewa. Ba mu da shekarar da za mu yar.

Ɗan Damagaram (Montreal):
Ina gaishe ku duka, ina gaida Baba Nuhu. Ni mai goyon bayan Canadiens ta Montreal ne kun sani, amma zan faɗi gaskiyar abin da nake gani daga nan. Kuna ta maganar 'yan gaba, alhali ciwonku yana baya. Florida ta ci ku ne saboda duk lokacin da suka jefa ƙwallo bayan ragarku suka biyo ta da gudu, 'yan bayanku ba sa iya fito da ita da tsabta. Kuna da masu jiki da masu tarewa, Tanev, McCabe, Carlo, Benoit. Mai ɗauko ƙwallo ya haura da ita fa? Morgan Rielly ne kaɗai, yana karɓar miliyan 7.5 har 2030, kuma kakar da ta wuce ba ta yi masa kyau ba. Marner yana rufe muku wannan aibin domin yakan dawo baya ya karɓa ya haura. Yanzu za ku gan shi a fili.

Mu abin da muka yi ke nan a watan Yuni. Muka ba Islanders zaɓe biyu na zagayen farko, na 16 da na 17, da Emil Heineman, muka karɓo Noah Dobson, muka ba shi shekara 8 a kan 9.5. Ga Lane Hutson da ya ci kyautar sabon ɗan wasa. Mun iya yin haka ne saboda mun adana zaɓukanmu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abdul Akanta:
Wannan magana ce, mutumin Damagaram. Kuma ita ce ta sa nake ganin Treliving bai yi kuskure da ya riƙe hannunsa ranar 1 ga Yuli ba. Wa ke kasuwar ma? Florida ta riƙe mutanenta uku kafin a buɗe: Sam Bennett shekara 8 a kan miliyan 8, Aaron Ekblad shekara 8 a kan 6.1, Marchand shekara 6 a kan 5.25. Brock Boeser ya zauna Vancouver. Nikolaj Ehlers ya zaɓi Carolina a kan 8.5. Mikael Granlund ya karɓi miliyan 7 a Anaheim, kuɗin da ni ba zan ba shi ba.

Kuma ku lura da abin da yake taimakon Florida da Vegas. Jihohinsu ba sa karɓar harajin albashi, na tarayya kawai ake biya. A nan Ontario mai babban albashi yana ba da sama da kashi 53 cikin ɗari a saman kuɗinsa. Ɗan wasa zai iya karɓar ƙasa a can ya koma gida da fiye da abin da zai samu a nan. Shi ya sa abin da Tavares ya yi ya burge ni. Mutumin da ya ci 38, da ya fita kasuwa da ya samu fiye da haka sosai, kuma shi ne wanda ya miƙa wa Matthews kyaftin bara ba tare da hayaniya ba.

Sadiq:
Maganar haraji gaskiya ce, amma kada a mayar da ita uzuri. Florida ta yi shekaru da yawa ba ta tsinana komai da harajin nan a yadda yake. Abin da ya sauya shi ne sun iya zaɓen mutane. Bennett daga Calgary suka ɗauko shi lokacin da ake ganin ya gaza, bana ya ci 15 a wasannin kofi aka ba shi gwarzo. Gustav Forsling kyauta suka tsince shi bayan wata ƙungiya ta sake shi. Mu da muka sha kashi a hannunsu sau biyu mun san su.

Maman Iklima:
To ai abin da Treliving yake gwadawa ke nan da Maccelli da Joshua, ko? Maccelli ya yi maki 57 a Arizona shekara biyu da suka wuce, bara ya faɗo 18, har ana ajiye shi a benci. Shekararsa 24 kawai, kuma mai raba ƙwallo ne. Joshua ya ci 18 a kakar 2023 zuwa 2024, sai aka gano yana da cutar daji a bazarar da ta biyo, aka yi masa aiki, ya dawo fili a cikin kakar. Duk wanda ya yi jinyar mai irin wannan ciwon ya san shekarar farko jiki ba ya dawowa daidai. Ni ina yi masa kyakkyawan zato. Kuma kocinmu Craig Berube ya san shi tun St. Louis.

Malam Nuhu:
Toronto ce ma ta fara zaɓen Joshua a 2014, bai dai taɓa buga mana ba. Berube irin mutanen da yake so ke nan, manya masu bi ta kan mutum. Da su ya ɗauki kofi a St. Louis a 2019, ƙungiyar da take ta ƙarshe a gasar a farkon Janairun shekarar. Babu mai maki 100 a cikinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuma shekara tara muna ɗora jinka a kan hannu huɗu.

Amma ni abin da nake sa wa ido shi ne lafiyar Matthews. Ya ci 69 a kakar 2023 zuwa 2024, bara ya ci 33 a wasa 67, har Jamus ya je neman magani a tsakiyar kaka. Ƙwallo 36 ke nan suka ɓace daga mutum ɗaya, kuma duk da haka muka zo na ɗaya a rukuninmu da maki 108. In ya dawo da lafiyarsa ya ci 50, rabin ramin da Baban Hanif yake magana ya cike.

Baban Hanif:
Baba, wa zai miƙa masa ya ci hamsin ɗin? Nan ne tambayata take tun farko. Knies mai tsayawa gaban raga ne, ya ci 29, ina son yaron kamar me. Amma shi ba mai raba ƙwallo ba ne. Max Domi yakan yi wasa ɗaya mai kyau ya yi uku yana zaman hukunci. Nylander ya ci 45 amma shi ne yake jan sahu na biyu, in ka ɗauke shi ka kai wa Matthews, Tavares ya zauna da wa?

In ba Kadri ba, to a duba Pittsburgh. Dubas yana can yana rushe gini don ya sake sabo, kuma Bryan Rust da Rickard Rakell duk sun ci sama da 30 bara, albashin kowannensu wajen miliyan 5 ne. Rust ya ɗauki kofi biyu da Crosby, ya san yadda ake wasa kusa da babban ɗan tsakiya.

Abdul Akanta:
Rust zai dace da mu fiye da Kadri, na yarda, ɗan gefen dama ne kuma kuɗinsa ya fi sauƙi. Sai dai Dubas matasa da zaɓuka yake nema, mun koma kan rumbun da babu hatsi. Abin da nake hasashe shi ne za a fara neman inda za a kai David Kämpf da Calle Järnkrok, domin zuwan Roy da Joshua ya sa 'yan gaba sun yi yawa, kuma su biyun suna cin kusan miliyan 4.5. Sai a ga yadda maganar Nick Robertson za ta ƙare, tunda ya kai batun albashinsa gaban mai sasantawa. A shiga kaka da sauran kuɗi a hannu, a gwada Maccelli kusa da Matthews wata biyu ko uku. Kuɗin da ba ka kashe ba yana taruwa kullum a lissafin iyakar albashi, zuwa watan Maris za ka iya ɗaukar ɗan wasan da ya fi ƙarfinka a Yuli, kuma lokacin ƙungiyoyin da suka fitar da rai sun fara sayarwa.

Ɗan Damagaram:
Kada ku manta da masu tsaron raga. Anthony Stolarz ne ya fi kowa a gasar yawan tare ƙwallo bisa kashi bara, kuma kwantiraginsa saura shekara ɗaya. Da bai fita a wasan farko da Florida ba bayan gwiwar hannun Bennett ta same shi a kai, wa ya san yadda zagayen zai ƙare. In ni ne Treliving, shi zan fara ɗaurewa kafin in nemi kowa.

Baban Hanif:
Wannan kam babu gardama, a ba shi sabon kwantiragi tun kafin Oktoba. Abdul, ban gamsu gaba ɗaya ba, amma zan ba Maccelli har ƙarshen Nuwamba kafin in sake ɗaga maganar Kadri. Sharaɗina ɗaya, in Calgary ta fara kaka da rashin nasara, ka yarda mu sake zama a kan lissafin nan.

Abdul Akanta:
Na yarda, Yaya. In sun riƙe wani ɓangare na albashinsa kuma ba su nemi Cowan ba, ni zan fara kawo maganar.

Auwal Fagge:
Yaushe za a fara ne? Ina so in gwada kallon wasa guda cikakke, ko da tsakar dare ne a nan.

Ɗan Damagaram:
An fitar da jadawali a satin nan, Malam Auwal. Ranar 8 ga Oktoba, Toronto da Montreal, a gidan Toronto. In an fara ƙarfe bakwai na yamma a nan, sha biyun dare ke nan a Kano da Damagaram. Baban Hanif, in Allah ya kai mu zan shigo jirgin ƙasa in zo mu kalla tare a gidanka.

Baban Hanif:
Allah ya kawo ka lafiya, ɗakin baƙi yana nan. Baba Nuhu, kai ma muna sa ranka, zan zo in ɗauke ka.

Maman Iklima:
Ni ranar da na yi wa alama ita ce 23 ga Janairu, ranar da Vegas za ta zo Toronto. Lamba 93 zai sa a can, lambar Gilmour ɗinka, Baba Nuhu, wadda ya sa a London. Iklima ta ce da rigarta mai lamba 16 za ta je, kuma sai ta tafa masa. In akwai wanda ya san hanyar samun tikiti biyu da sauƙi, don Allah ya yi min magana ta gefe tun yanzu.